Dandalin da na tarar a Agege

Ranar Laraba na dawo Zariya, kuma har yanzu kunnena bai daina jin ihun kwandastocin danfo, bas-bas ɗin haya na Legas, ba. Bikin 'yar kawuna ne ya kai ni Legas. An yi biki lafiya, an kai amarya, amma abin da ya biyo ni gida shi ne wani wasan kwaikwayo da na kalla daren Asabar a filin wata makarantar firamare a Agege, wanda na biya naira 300 a bakin ƙofa.

A Kwangila na shiga mota bayan la'asar, muka bi ta Abuja da Lokoja. Kuɗin mota kam sai addu'a, tun da aka cire tallafin mai a 2023 tafiya kudu ta zama abin da sai mutum ya yi tanadi. Tsakar dare a wani shinge, wani jami'i ya dalle mu da tocila, ya ce duk mai hula ya sauko. Mu shida muka sauko. Na miƙa masa katin aikina, ko kallonsa bai yi ba, sai "aboki" yake ta maimaitawa yana nuna jakata da sanda. Wannan kalma da muke kiran wanda muke ƙauna da ita, a bakinsa zagi ce. Wata dattijuwa Bayarabiya da ke zaune kusa da ni ta leƙo ta taga ta wanke shi tas da Yarabanci. Ban ji abin da ta ce ba, amma nan take ya mayar mini da katina. Da na koma mota ta ɓallo mini rabin burodinta. Allah ya saka mata da alheri, ko sunanta ban tambaya ba.

Da hantsi na sauka a Berger, ɗan kawuna ya tarbe ni, muka shiga danfo ta Ogba. Da na ji kwandasta yana kiran "Pen Cinema" sai na zaci zan ga gidan sinima. Babu shi. Suna kawai ya rage, sai doguwar gadar sama da aka buɗe a 2021. Haka namu na Arewa suka ƙare, yawancinsu sun koma shaguna da rumbunan ajiye kaya.

Kawu ya haura shekara 40 a Agege yana harkar goro. Ya ce shi ma tarar da mutanenmu ya yi sun yi jikoki a nan, domin goro da jirgin ƙasa ne suka kafa Zangon Agege, tun da aka haɗa layin dogo daga Ikko, wato Legas, zuwa Kano wajen 1912. Gidansa irin dogon nan ne mai ɗakuna suna kallon juna, lungu a tsakiya, Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri duk banɗaki ɗaya. Ɗakinsa ya bar mini ya koma kwana a shago tsakanin huhunan goro. Na yi magiya har na gaji, ya ce: "Ɗana, baƙo ba ya zaɓar wa mai gida wurin kwana." Da ya faɗa mini kuɗin hayar ɗaki ɗaya a shekara, ban da na dillali, sai da na yi salati. A Samaru wannan kuɗin ciki da falo zai kama maka har da rijiya a tsakar gida.

Ranar Asabar bayan an watse daga ɗaurin aure, ɗan kawun nawa ya ce: "Yaya, tunda kai malamin Hausa ne, yau akwai wasanmu bayan isha'i." Na ɗauka majigi za a haska. Ashe ƙungiya ce da su, ta samari da 'yan mata kusan 20, akwai tela, akwai mai shayi, akwai mahauci daga mayankar Oko-Oba, akwai masu gyaran waya. Duk wata suna wasa sau ɗaya.

Dandalin benci takwas ne aka jera aka ɗaure da igiya, aka shimfiɗa katako a kai. Tamfol ɗin motar kaya shi ne labule. Ƙwan lantarki uku, ƙaramin janareta a can bayan aji don kada ƙararsa ta danne magana, lasifika ɗaya aro daga masu wa'azi. Mata a hagu, maza a dama, yara a ƙasa kan tabarmi. A layin gaba aka ajiye kujerun roba, wakilin mai unguwa ya zauna, na'ibin limami a gefensa, sai wasu dattawan Yarabawa biyu masu gidajen haya a layin. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai. Na tambaya, aka ce ba a taɓa yin wasa ba a kai musu goron gayyata ba.

Labarin wani yaro ne da ya hau tirelar shanu daga Arewa ya zo ci-rani, ya karɓi babur bashi yana acaɓa. Kowa a filin ya san abin da zai biyo baya, domin tun watan Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi da manyan tituna, babura da yawa an kama an murƙushe. Aka kama na yaron. Mai babur yana binsa kuɗi, ba shi da wurin kwana sai barandar masallaci, ga uwarsa tana bugo waya daga ƙauye tana tambayar kuɗin taki.

Wurin wayar nan ne ya karya mini zuciya. Yaron da ya fito a matsayin ɗan acaɓar ya juya wa mutane baya, ya goge fuska da gefen riga, sannan ya kara wayar a kunne ya saki murya kamar wanda ya ci ya ƙoshi: "Lafiya lau Inna, Legas sai godiya, aiki ne ya yi yawa." Yana magana yana murza wani ɗan guntun burodi a ɗaya hannun. Wani saurayi da ke tsaye kusa da ni ya ja hularsa ya rufe ido. Filin ya yi tsit, har janareta ake ji daga bayan aji.

Dariya ma an sha. Wata yarinya Bahaushiya haifaffiyar Agege ta fito a mai gidan haya, ta ɗaura gwaggwaro, ta riƙe ƙugu, tana zuba Yarabanci kamar ruwan famfo. Dattawan Yarabawan nan suka yi ta dariya har ɗaya yana buga sandarsa a ƙasa. Amma ba a bar namu ba. An fito da wani Alhaji mai gidaje huɗu a Zango wanda ba ya ba ɗan ci-rani haya, wai su ne ke ɓata wa Hausawan Legas suna. Na ga wasu a layin gaba suna gyara zama. A nan na fahimci akwai 'yar tsama tsakanin waɗanda aka haifa a nan da sababbin zuwa, abin da ba a faɗa a masallaci, ba a faɗa a fada, sai a kan bencin nan takwas.

Ana tsakiyar rikici sai shugaban ƙungiyar, tela ne mai furfura a gemu, ya hau ya tafa hannu, 'yan wasa suka daskare a inda suke. Ya ce: "Jama'a, ga yaro nan. Ya koma gida ko ya zauna? In ya zauna, a gidan wa?" Aka yi ta ɗaga hannu. Wata uwa ta ce ya koma, noma bai taɓa kunyata kowa ba. Wani matashi ya ce ya koma ina, 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu. Wani dattijo ya miƙe da ƙyar ya ce shi ma a barandar masallaci ya fara kwana shekara 50 da suka wuce, wani mai goro ya ɗauke shi, to me ya hana mu yanzu? Aka zagaya da faranti. Ba na wasa ba ne, kuɗin na wasu yara biyu ne na gaske da aka kama baburansu, suna son kuɗin motar komawa gida.

Ina zaune ina tuna Samaru. Wannan salo na tsayar da wasa a tambayi jama'a ai a ƙofar gidanmu aka raine shi. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, mai dandalin nan na ginin laka, tun ƙarshen shekarun 1970 yake fita da ɗalibai ƙauyuka irin su Soba da Maska, ana wasa da manoma a kan matsalolinsu. Mu ne masu tashe da azumi, mu ne masu wasan gauta da kalankuwa. Mu muka taso muna jiran Samanja a akwatin talabijin. Ƙungiyoyin dandali na Kano irin su Tumbin Giwa su suka haifi fim ɗin Hausa, fim ya girma ya bar dandali a kwance. Yau shekara 14 ina koyar da wasan kwaikwayo a aji, ɗalibaina suna haddace fitowa da kashi da jigo saboda jarrabawa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin mutum a tsaye yana wasa a gabansa. Wannan abu ya dame ni a daren nan, yana kuma damuna har yanzu.

Bayan an tashi na sami shugaban yana kwance igiyar benci. Na ce: "Baba, a ina kuka koyi wannan?" Ya ce a makarantar sakandare ya fara a Arewa, sauran kuma a wurin maƙwabta ya gani. "Malam, Bayarabe ba ya wasa da dandali. Tun zamanin Ogunde suke loda kaya a mota suna bin gari gari." Gaskiya ya faɗa, Hubert Ogunde tun shekarun 1940 ya kafa ƙungiyarsa a Legas, har Arewa suna zuwa wasa. Ya kuma ba ni labarin Crown Troupe ta Segun Adefila a Bariga, wadda ke kwasar yaran unguwa tana koya musu wasa da rawa. Ya ce in yaran Bariga za su iya, me zai hana na Zango?

Na tambaye shi batun mata a dandali, domin na san a gida nan ne gardama za ta fara. Ya ce sharaɗi uku ne: sai da izinin iyaye, ba a taɓa juna, kuma kafin kowane wasa sai an karanta wa na'ibin limami labarin. Sau biyu ya ce a cire wani wuri, aka cire. Ni dai ban ga abin ƙi ba a abin da na kalla. Kuɗin ƙofa kuwa man janareta yake saye da ɗan abin da ake ba mai gadin makaranta, ragowar a asusu, ranar da aka yi rasuwar wanda ba shi da kowa a sayi likkafani. Ya ce wasan da suka fi alfahari da shi shi ne wanda suka yi bayan rikicin kasuwar Mile 12 na 2016, rabi da Hausa rabi da Yarabanci, a lokacin da kowa ke tsoron maƙwabcinsa.

Litinin na ce sai na ga babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu. Muka hau jirgin ƙasan nan na cikin gari, Blue Line, daga Marina, daga sama ka hango shi kamar hular soja an kife. An gama shi a 1976 saboda FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna, a 2024 kuma aka sa masa sunan Wole Soyinka. Gini ne na a zo a gani, bankuna sun kashe masa kuɗi an gyara. Daga waje na tsaya na kalla. Na yi ta lissafin kuɗin mota daga Agege zuwa nan da komawa, na ga ɗan acaɓar da ya ja hula ya rufe ido ba zai taɓa zuwa ba. A tsibirin Legas ma akwai wuraren wasa masu sanyin na'ura, amma tikiti ɗaya ya isa cefanen gida na kwanaki.

Mun biya ta Freedom Park a titin Broad, tsohon kurkukun Turawa da aka mayar wurin shaƙatawa da wasanni a 2010. Ruwan leda a can ninkin na Agege.

Halin mutanen Legas kuwa, sauri ne ya yi musu yawa. Ba sallama, ba "ina gajiya", kwandasta ya haɗa ka canji da wanda ba ka sani ba ya ce ku je ku raba. Amma ka tambayi hanya, sai mutum ya bar abin da yake yi ya raka ka har kwana. Burodin Agege da wake mai yaji ya cancanci sunansa. Tuwo kuwa a bar wa gida, masarar da aka kawo daga wajenmu ce ake sayar maka da tsadar zinariya.

Talata Kawu ya ƙulla mini ƙwarya biyu ta farin goro, ya hana ni biya. Shugaban ya aiko mini da kwafin wasan a littafin rubutu na 'yan makaranta, rubutun hannu, wani wurin da boko wani da ajami. Dawowa ta Ilori da Jebba muka bi, hanyar Mokwa ta jijjiga mu son ranta.

Jiya na karɓi makullin babban ɗakin taro na makarantarmu. Na tarar da shi cike da karyayyun tebura, tantabaru sun yi sheƙa a silin. Na karanta wa 'yan aji biyar wurin wayar nan, na ce wa zai fito a ɗan acaɓa. Yara tara suka ɗaga hannu, ɗaya ya ce yayansa yana Legas, wata huɗu ke nan kullum cewa yake aiki ne ya yi yawa.