Asabar: mota ba ta fita ba

Garin Tawa, bayan isha'i.

Tun jiya da dare na gaya wa masu kayan Abalak su nemi wata mota, don na ƙudura ba zan sake ɗora ko buhu ɗaya ba sai na ga abin da ke ƙarƙashin shimfiɗar robar nan ta bayan motata. Damina ta wuce, ƙasa ta bushe, kuma in ban yi aikin yanzu ba, kakar gero za ta zo da lodinta in rasa rana.

Motar Land Cruiser ce buɗaɗɗiya, ƙirar 75, mai injin 1HZ na gazuwal, silinda 6, lita 4.2. Toyota ta fara wannan jerin na 70 a 1984, kuma har gobe shi ne abin hawan daji daga nan zuwa Agadas. Injin ba ya ba ni ciwon kai. Jikin ne ya fara tsufa ya bar injin a baya.

Da hantsi ni da ɗan yayata muka ɗaga robar. Wari ya fara tarbar mu, na fitsarin awaki da ya daɗe a rufe. Ƙarƙashinta wani farin ɓawo ne ya daskare a cikin kwarin kwanon, kanwa da gishiri da suka zubo daga buhuna suka sha ruwan sama, kuma gefensa fentin duk ya kumbura ƙuraje-ƙuraje. Na ɗauki guduma ina ƙwanƙwasawa. Inda ƙarfe ke da rai sai ka ji ƙara tsaf, inda ya mutu sai ka ji dum, garin ja yana zuba ƙasa. A kusurwar da ke bayan direba na danna da yatsa kawai, sai ga hasken rana ta ƙasa.

Mutanenmu suna cewa mota ba ta tsatsa a Adar, wai wannan ciwon motocin bakin teku ne da waɗanda aka kawo daga Turai, inda ake watsa gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara. Akwai gaskiya a ciki, ruwan da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 ba. Amma tsatsa ba ta buƙatar teku. Ƙarfe, iska da danshi sun ishe ta, gishiri kuwa ƙara mata sauri yake yi. To mu da kanmu muke ɗora mata gishirin a baya, mu ɗora dabbobi a kai, mu rufe da roba yadda ba zai taɓa bushewa ba. Wanda ya je Ingal a watan Satumba lokacin taron makiyaya ya san irin laka mai gishiri da ake kwasowa a can.

Ƙarƙashin motar ya fi ɗaukar mana lokaci. Shasin nan kamar akwati yake, rufe ta kowane gefe, da 'yan ramuka na fitar ruwa. Duk sun toshe. Yaron ya zura waya, muka sa tiyo a ramin gaba, aka jima ba abin da ya fito, can sai jar laka ta fara gangarowa ta baya, kauri kamar ba za ta ƙare ba. Lakar kwarin Kawo ce da ta Tabalak, tana zaune a ciki da danshinta tun watan Agusta. Aikin gara take yi, waje lafiya lau, ciki an cinye. Mai wankin mota ba ya kai hannu can, shi dai ya ga gilashi na walƙiya.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Baba mai walda ya iso da injinsa a kura. Makwabcinmu ne, ya girmi mahaifina. Ya duƙa ya leƙa ramin, ya ce, "Ɗana, wannan ba na liƙi ba ne, na yanka ne." Da ma abin da na yi tsammani ke nan. Masu gaggawa sukan ɗora faci a kan ruɓaɓɓen wuri su shafe da mastik, fenti ya hau, mai mota ya biya yana murna. Danshi ya samu ɗaki tsakanin ƙarfe biyu, bayan damina ɗaya ramin ya dawo ya fi na da. Muka zana da alli, muka wuce bakin tsatsar da kamar yatsu biyu, na yanke da injin gurza har ƙarfe ya fito fari.

Kafin ya kunna wuta sai da ya sa na cire kan batir, ya matsa maƙalar injinsa dab da inda zai yi aiki, muka jiƙa buhun algarara muka rufe tiyon mai da wayoyin da ke bi ta ƙasa. Kwanon siriri ne, sandar walda kuwa in ta daɗe a wuri ɗaya huda shi take yi. Don haka ɗigo-ɗigo yake yi, ɗaya a nan, ɗaya a can nesa, ya jira ya huce, ya dawo tsakani, don kada zafi ya lanƙwasa facin. Yaron ya tsaya yana kallon hasken da ido tsirara. Baba bai ko ɗago ba ya ce, "Kai, juya! In ka kwana kana kuka da yashi a ido, uwarka ni za ta zo wa."

Muna rabin faci aka ɗauke wuta. Uwargida ta aiko da fura, muka koma gindin bedi, aka ɗora shayi.

A nan muka yi gardamar baƙin mai. Baba na nan a kan cewa a fesa tsohon man inji a ƙarƙashin mota, haka suka yi tun zamanin da ake gina hanyar Arlit. Ban musa masa cewa mai na korar ruwa ba. Amma a ƙasarmu rairayi yake kamawa ya zama kwaɓi, yana lalata robobin ƙafa, in ya taɓa birki kuwa ba a magana. Na ce a cikin shasi na yarda, bayan ya bushe sarai, amma a waje fenti. Ya ce yaran yanzu kun fi son abin da ake saye a gwangwani. Muka bar ta a nan.

Wuta ta dawo bayan la'asar, ya ƙarasa. Na gurje bakin waldar, na bi sauran wuraren da tsatsar ba ta huda ba da buroshin ƙarfe, sannan na shafa ruwan maganin da na sayo a Yamai. Asid ne na fosforik, yana haɗuwa da tsatsa ya mai da ita wani baƙin ɓawo da fenti ke iya kamawa. Ina kallo jan yana komawa baƙi. Gindin batir ma na wanke da ruwan bikarbonat, don ruwan batir ya fara cin farantin.

Jan fentin hana tsatsa sai gobe da safe, kafin iska ta taso da ƙura, sama da ƙasan facin duka. Robar ba za ta koma ba, katako zan jera da tazara yadda iska za ta ratsa, kanwa kuma a kan tamfol. Abin da ya rage shi ne maƙalar sifirin ta baya ta hagu, inda guduma ta ba ni amsar da ban so ba. Baba ya ce wannan ba aikin tsakar gida ba ne, sai an sauke tanki an kai garaji. Litinin zan je in ji kuɗin.