Ikilisiyar Erskine ta Stirling: suna biyar, jama'a ɗaya

Duk wanda ya buɗe littattafan majalisar dattawan ikilisiyar Erskine a garin Stirling na Sikotland zai ga sunan ɗarika yana sauyawa a saman shafi, alhali jama'ar ba su yi ƙaura ba. Tushen abin rigimar naɗin fasto ce. Dokar 1712 ta bai wa masu ƙasa ikon zaɓar wa coci fasto ko da jama'a ba sa so. Ebenezer Erskine, faston Cocin Sikotland a Stirling, ya ƙi, a 1733 shi da fastoci uku suka kafa majalisarsu a Gairney Bridge, a 1740 Cocin Sikotland ya tuɓe shi, mabiyansa suka bi shi suka gina nasu coci.

Ba a jima ba suka rabu da junansu. A 1747 aka yi saɓani kan rantsuwar da ake sa 'yan gari su yi a wasu birane, wadda ta ambaci addinin gaskiya na ƙasa. Ɓangaren Erskine, da ake kira Burgher, ya ce ana iya yin ta, ɗaya ɓangaren ya ce haram. Sai 1820 akasarinsu suka sake haɗuwa a matsayin United Secession. A 1847 suka haɗe da Relief Church, wata ɗarika da ita ma ta ɓalle daga Cocin Sikotland, aka sami United Presbyterian, cocin da ya tura Mary Slessor Kalaba a 1876.

Haɗewar United Presbyterian a 1900 da Free Church, wata ɗarikar da ta fice daga Cocin Sikotland, ita ce ta fi koyar da darasi kan dukiya. An kafa United Free Church, amma 'yan tsirarun Free Church da suka ƙi shiga suka garzaya kotu. A 1904 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta ba su gaskiya: kadarorin an ba da su ne amana bisa aƙidar asali, rinjayen ƙuri'a ba ya sauya sharaɗin amana. Fastoci da ba su kai talatin ba suka wayi gari da gine-gine da kuɗaɗen da ba za su iya riƙewa ba, sai da majalisar dokoki ta yi dokar 1905 ta kafa hukumar rabo. A ganina nan ne kuskuren yake: an daidaita aƙida a babban taro, ba a duba abin da takardun mallaka suka ce ba.

Shi ya sa kafin haɗewar 1929 da Cocin Sikotland aka fara da doka, ta 1921 kan 'yancin coci, ta 1925 kan kadarori. Ikon masu ƙasa kuwa an soke shi tun 1874.

Matsalar da ta biyo baya ta yawan gine-gine ce, coci biyu ko uku na ɗarika ɗaya a unguwa guda. Ikilisiyar Erskine ta haɗe da ikilisiyar Marykirk ta Stirling, daga baya aka rufe ginin, yanzu masaukin matafiya ne ke bayan fuskarsa ta dutse.