Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar Haihuwar Ƙarya

Makon jiya mun tsaya a inda na kafa teburina na gyaran waya a gefen Kasuwar Barci, Tudun Wada. Yau zan ajiye labarina gefe, saboda akwai wata ɓarna da mu masu gyara muke da hannu dumu-dumu a cikinta.

Uba zai zo da sabuwar Tecno ko itel a kwali, ya ce, "Malam, a buɗe wa yaron nan Gmail." Yaron shekararsa 11. Da an sa shekarunsa na gaskiya, Google zai nemi amincewar uba. Mai gyara yana sauri, mutane na jira, sai ya danna 1995. Shi ke nan, waya ta ɗauki ɗan firamare a matsayin magidanci. Da wannan shekarar yaron zai koyi buɗe Facebook da TikTok, waɗanda ƙa'idarsu shekara 13 ce. TikTok ba ya barin wanda bai kai 16 ba ya yi hirar sirri, kuma yana sa wa 'yan ƙasa da 18 iyakar minti 60 a rana. Ƙarya ɗaya ta share duk wannan.

Gyaran ba ya cin rabin awa. Uba ya sauke Family Link, manhajar Google ta kula da wayar yara, a tasa wayar, ya buɗe wa yaron asusu daga ciki da shekarunsa na gaskiya. A wayar yaron a kwashe hotuna, a cire tsohon Gmail tukuna, sannan a goge ta ta koma sabuwa. Kada a juya wannan tsarin. In aka goge ta ta hanyar danna maɓallan gefe ba a cire shi ba, za ta kulle tana neman tsohuwar kalmar sirri, wadda sau da yawa mai gyaran da ya ƙirƙire ta ma ya manta. Bayan nan a shiga da sabon asusun, uba ya amince. Daga wayarsa zai tsayar da awannin yini, da lokacin barci, da cewa ba a sauke manhaja sai da izininsa. Duk canjin da ya yi ba ya isa wayar yaron sai akwai data a duka biyun.

Inda abin ke lalacewa a gida ne. Makullin wayar Baba zanen L ne, kowa ya haddace, har auta. Yaro ya ɗauka bayan Isha'i, ya ƙara wa kansa awa uku, ya mayar kan caji.

Family Link ba ya karanta hirar WhatsApp, don haka nan sai an bi da hannu. A saiti, a kunna makulli na biyu mai lamba 6. A sashen sirri, a taƙaita masu iya jefa yaron cikin guruf da masu ganin hotonsa zuwa lambobin da ya ajiye. Sannan a gaya masa baki da baki: lambobi 6 da ke shigowa ta tes ba a karanta wa kowa, ko da mai kiran ya ce daga guruf ɗin Islamiyya yake. Da su ake sace asusu a roƙi dangi kuɗi.

Sai ladabi, wanda babu maɓallinsa. Yanzu yayi ne a ɗauki hoton malami yana gyangyaɗi, ko 'yar aji, a mai da shi sitika a watsa. Yara wasa suke gani. To akwai dokar laifukan intanet ta 2015, kuma layin da ke wayar yawanci da NIN ɗin uba aka yi masa rajista. In ƙorafi ya tashi, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa.

Mako mai zuwa zan koma kan ranar da ruwan sama ya shiga akwatin kayan aikina.