Ƙanina da Teburin Bakin Ƙofa

Ƙanina yana fama da larurar ADHD, wato wahalar tattara hankali wuri guda da yawan kazar-kazar, kuma ya shafe shekara biyu a wani ofishi ana yi masa kallon malalaci. Teburinsa yana daidai bakin ƙofa, duk mai shigowa sai ya yi masa sallama, ga rugugin janareta ta taga, shi kuwa da zarar hankalinsa ya tsinke sai ya koma farkon lissafin.

Da ya yi ƙarfin halin bayyana wa shugabarsa abin da likita ya gano, gyaran da ta yi bai ci ko sisi ba. Ta mayar da shi lungu mai shiru, ta daina ba shi umarni da baki a tsaitsaye sai a rubuce, sannan ta riƙa gutsura masa babban aiki kashi-kashi, kowane da ranar miƙawa. A ganina rubutaccen umarnin ne ya fi taimakonsa, domin larurar tana raunana riƙe bayani a ka.

A Birtaniya, dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki irin wannan gyara idan larurar ta kai matsayin nakasa. Ƙanina kuwa albarkacin tausayin mace ɗaya ya samu, kuma har yau yana kan aikinsa.