Godiya bayan kammala rabon maganin rigakafin masassarar damina

Assalamu alaikum. A madadin kwamitin iyayen yara na makarantar firamare ta unguwarmu a nan Maradi, ina miƙa godiya ga duk waɗanda suka sa hannu har aka kammala zagaye na huɗu na rabon maganin rigakafin masassarar cizon sauro, rabon da aka fara a watan Yuli aka rufe a wannan wata na Oktoba.

Ma'aikatan gidan likita da matasa masu aikin sa-kai sun bi gida-gida cikin ruwa da taɓo, suna neman yara daga wata 3 zuwa wata 59. Sau da yawa sun tarar da gida a rufe domin iyaye mata suna gona, a lokacin noman gero, sai suka dawo da yamma ba tare da sun nuna gajiya ba. Ba magani kaɗai suka kawo ba, sun riƙa auna damtsen yara da zaren awo mai launin kore da rawaya da ja domin gano masu tamowa, kuma yaron da awonsa ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, ko wanda aka tarar da jikinsa da zafi, nan take ake tura shi likita. Allah ya saka musu da alheri.

Amma godiyata mafi girma ga iyayenmu mata take. Wanda bai shiga aikin ba yana ɗauka cewa da mai rabo ya ba yaro magani a gabansa an gama, alhali kuwa na ranar farko ne kawai. Sauran ƙwayoyi biyu uwa ake bar wa, ɗaya washegari, ɗaya a rana ta uku, babu mai tsaya mata a kai, ga ɗaci, ga yaro yana kuka yana tofarwa, ga daka da ɗiban ruwa suna jiranta. Tun a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wannan tsari ga ƙasashen Sahel, to amma a tsakar gida ne yake cika ko ya tashi a banza, kuma kun cika shi wata huɗu a jere.

Malamanmu ma sun yi abin da ban zata zai yi tasiri haka ba. Kafin a tafi babban hutu a watan Yuni, sun koya wa ɗaliban aji biyar da na shida yadda ake lissafin kwanaki ukun, sai ga yaran sun zama masu tuni a gidajensu. Ni kaina ɗiyata ce ta tare ni a ƙofa ranar da muka manta da na ƙanenta. Muna gode wa shugaban makaranta da ya buɗe mana aji muka yi taruka duk da ana hutu, da mai unguwa, da liman wanda bayaninsa bayan sallar Juma'a ya sa wasu magidanta da suka ƙi a zagayen farko suka buɗe ƙofa a na biyu.

Kariyar maganin ba ta wuce kimanin mako huɗu, kuma sauro bai tafi ba tukuna, saboda haka a ci gaba da kwantar da yara cikin sange, kuma a adana katin kowane yaro. Allah ya kai mu damina mai zuwa lafiya.