Shafa wa dakalin katako mai a zafin Jidda

Duk mai aikin fenti a istiraha ko gidajen shaƙatawa na Obhur, bakin teku a arewacin Jidda, ya san yadda dakalin katako ke komawa bayan bazara ɗaya: ya koɗe ya yi ruwan toka, ya tsattsage. Galibi mai gida cewa yake a zuba masa banish ya yi ƙyalli. Kada ka biye masa. Banish fata yake yi a saman katako, rana ta fasa shi ya riƙa ɓarewa, kuma ba ya gyaruwa sai an kankare shi tas. Katakon da ke waje ana taka shi, rini mai haɗin mai ne ya dace da shi, wanda ke nutsewa cikin itacen. In ya koɗe, wankewa kawai za a yi a ƙara.

Launin da ke cikin man shi ke tare hasken rana, shi ya sa mai garai-garai ba ya daɗewa a nan. Mai duhu sosai kuma kwasar zafi yake, da azahar ba mai iya taka shi ba takalmi. Ruwan zuma ko ruwan ƙasa mai haske ya fi. Katakon suwedi, wato farin katako marar tauri, yana shan mai sosai. Tik da iroko kuwa suna da nasu man a jiki, sai a nemi man da aka yi don katako mai tauri. Lita ɗaya kan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a shafin farko, don haka dakali mai mita 4 da 5 zai ci lita 4 zuwa 5 a shafi biyu. In gwangwani biyu ka sayo, haɗe su a bokiti ɗaya, ka riƙa juyawa da sanda, don launin kwanciya yake a ƙasa.

A wanke katakon da sabulu da buroshi mai tauri, a bar shi kwana biyu ya bushe. Sannan a goge da sanfefa lamba 80, ana bin tsawon katakon. Mai laushi fiye da haka toshe ƙofofin itacen take, mai ya kasa shiga. Banda soson ƙarfe, ɓurɓushinsa na yin tsatsa ya bar baƙin tabo. A ɗiga ruwa a gani: in ya shige, katako ya shirya, in ya tsaya ƙwal-ƙwal, da sauran tsohon shafi.

Lokaci shi ne babban abu a garin nan. Ɗora tafin hannu a kan katakon, in ba za ka iya barinsa ba, ajiye buroshi. A katako mai zafi tinar cikin man, wato ruwan da ke tsinka shi, gudu take kafin ya nutse, sai ya daskare a sama. Da asuba kuma raɓar teku ta jiƙa shi. Sai a jira raɓa ta ɗauke a yi da hantsi a inuwa, ko bayan la'asar da wuri, yadda zai kama kafin dare. Ranar da iska ta taso da ƙura a haƙura. Watannin sanyi sun fi daɗin aiki, amma daga Nuwamba zuwa Janairu a duba hasashen ruwa tukuna.

Ɗauki katako biyu ko uku ka bi su daga wannan kai zuwa wancan ba tsayawa, in ka tsaya a tsakiya layi zai fito. Bakin katako inda aka yanka a ba shi ya ƙoshi, nan tsagewa ke farawa. Bayan minti 15 zuwa 20 a bi da tsumma a goge duk abin da bai shige ba. Wannan gogewar ce yara masu koyo ke tsallakewa don suna ganin asarar mai ce, sai dakali ya yi mako yana danƙo, yashi na mannewa. In hakan ta faru, a goge da tsumma mai tina. Shafi na biyu siriri ne, washegari, kuma sai in katakon yana sha. A ba shi awa 48 kafin a mayar da kujeru.

Tsumman da ya sha mai, musamman mai haɗin linsid (man 'ya'yan wani tsiro da ake sawa a fenti), yana ɗaukar zafi da kansa in an dunƙule shi, har ya kama wuta ba ashana. A baza su ɗaya-ɗaya a kan siminti su bushe, ko a tsoma su a gwangwanin ƙarfe mai ruwa a rufe. Kada a jefa su bayan mota ko ɗakin ajiya.