Lewis Hine, mai hoton da ya rubuta sunayen yara

Ƙidayar jama'a da aka yi a Amurka a shekarar 1900 ta nuna cewa yara kusan miliyan 1 da dubu 750, ƴan shekara 10 zuwa 15, suna aikin ƙwadago domin a biya su. Wasu suna masaƙu, wasu a mahaƙar kwal, wasu kuma suna tallar jarida a titi har tsakar dare. Mutanen ƙasar sun san da haka, amma sani ne na jin labari, kuma gani ya kori ji. Wanda ya tilasta musu gani shi ne wani malamin makaranta mai suna Lewis Hine.

An haife shi a 1874 a garin Oshkosh na jihar Wisconsin. Mahaifinsa ya rasu yana saurayi, sai nauyin gida ya hau kansa, ya shiga aiki a masana'antar kujeru, awa 13 a rana, kwana shida a mako, a kan dalar Amurka 4 duk mako. Daga baya ya yi karatu a jami'ar Chicago, ya koma birnin New York yana koyarwa, kuma a nan ne ya fara riƙe kyamara. Tun daga 1904 yake zuwa tsibirin Ellis, inda jiragen ruwa ke sauke baƙin da suka baro Turai, yana ɗaukar hotunansu da ƙunshin kayansu. A 1908 ya ajiye alli, ya zama mai hoton kwamitin ƙasa mai yaƙi da bautar da yara.

Aikin ba mai sauƙi ba ne, domin masu masana'antu ba sa son a ga abin da ke bayan ƙofa. Kyamarar tasa akwatin katako ce mai nauyi da ake kafawa kan ƙafa uku, ana ɗaukar hoton a kan farantin gilashi, kuma in wuri ya yi duhu sai an kunna wa wani gari wuta ya yi walƙiya da hayaƙi. Ba abu ne da za a ɓoye a aljihu ba. Don haka yakan ɓad da kama, yau ya ce shi mai duba hanyoyin kashe gobara ne, gobe ya ce Littafi Mai Tsarki yake sayarwa, wata rana kuma ya ce injuna ya zo ɗauka, sai ya roƙi yaro ya tsaya kusa da injin don a gane girmansa. Ya san tsayin kowane maɓalli na rigarsa daga ƙasa, ta haka yake auna tsawon yaro ba tare da shugaban ma'aikata ya farga ba, hannunsa kuma na cikin aljihu yana rubuta suna da shekaru da awoyin aiki.

Wannan rubutun ne ya fi kama mini zuciya a duk aikinsa. A 1908, a garin Lancaster na jihar Carolina ta Kudu, ya ɗauki wata yarinya, Sadie Pfeifer, tsaye gaban injin kaɗin zare wanda ya miƙe har ƙarshen ɗaki, ya rubuta cewa tsawonta inci 48 ne, wato mita 1 da santimita 22. A 1910, a jihar Vermont, ya ɗauki Addie Card ba takalmi, rigarta duk maiƙo, ta jingina siririn hannunta da injin, tana kallon mai kallonta ido cikin ido. Ya rubuta cewa ita ta ce shekarunta 12, sauran ƴan matan masaƙar kuwa sun ce 10 ne. Bai zaɓi adadin da zai fi tayar da hankali ba, ya kawo duka biyun, domin ya san cewa in aka kama shi da ƙari sau ɗaya, masu kuɗi za su ce duk hotunan ƙarya ne.

Mu a Damagaram mun san kyamarar baƙo. A yunwar 2005 hotunan yaran jihohin Zinder da Maraɗi sun zagaya duniya, kuma ba na musun cewa sun jawo agaji, amma da yawansu an nuna su ne ba suna, ba gari, an ɗauke su daga sama suna kwance a tabarma. Hine yakan sauko da kyamararsa daidai fuskar yaro, ya bar shi ya tsaya da ƙafafunsa, ta yadda mai kallo zai ji kunya ta kama shi, ba yaron ba. Yanzu da kusan kowa ke da salula, ana ɗaukar almajiri a tasha ko ƴar talla a kasuwar Dole a watsa a Facebook ba a ma gaishe su ba, balle a nemi yardar iyayensu ko malaminsu. Ina ganin wannan cin mutunci ne, ko da an yi shi da sunan tausayi.

Ba kowane aikin yaro ne bauta ba, kuma ya kamata a faɗi haka. Ɗan da ke bin mahaifinsa gona da damina, ko yake koyon jima a majemar Birni, tarbiyya yake samu da sana'ar gado. Abin da Hine ya yaƙa shi ne aikin da ke cinye ranar yaro gaba ɗaya, ya hana shi karatu, ya lalata masa jiki, riba kuma ta tafi aljihun wani, kamar yaran da ya ɗauka a 1911 a Pennsylvania, zaune cikin ƙura suna tsince duwatsu daga kwal da hannu. Irin wannan muna da shi a wuraren fasa dutse da mahaƙar zinariya.

Doka ba ta zo da sauri ba. Majalisar Amurka ta kafa ɗaya a 1916, kotun ƙoli ta soke ta a 1918, sai a 1938 aka samu wadda ta tsaya, ita ma ta yi wa aikin gona sassauci. A tsakanin nan Hine ya yi aiki da ƙungiyar Red Cross a Turai, sannan a 1930 da 1931 ya ɗauki maginan dogon benen Empire State, har ana rataye shi cikin kwando a sararin sama. Daga nan aiki ya yi masa wuya, ya rasa gidansa, matarsa ta rasu a 1939, shi ma ya bi ta a watan Nuwamban 1940 cikin talauci.

Hotunansa na yara sama da 5,000 suna ajiye a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, kowa na iya duba su a intanet kyauta. Da sunayen da ya rubuta ne masu bincike suka bi sawun wasu daga cikin yaran har suka iske jikokinsu, kuma ta haka aka gano cewa Addie Card ta rayu har 1993.